Cokalin da Aka Binne da Dinny

Kofi na uku ke nan Fergus mai mashaya ya tuttular. Baƙar giyar ta sake nutsewa cikin farar, duk sun dame kamar ruwan wanke-wanke.

"Wa ya taɓa min cokali?" ya tambaya, yana birkita ƙarƙashin kantar mashayar.

Mashayar cike take da waɗanda suka dawo daga binne Dinny Culhane, ƙanƙarar birnin Buffalo na narkewa a takalmansu. Al'adar gidan ce, in wanda ya saba zuwa ya mutu sai a zuba abin da ya saba sha a ajiye gaban kujerarsa, kuma ba mai kai kofi baki kafin nan. Ga mutane tsaye da ƙishi, ga Noreen matar mamacin zaune tana jira.

Abin shan Dinny kuwa mai hawa biyu ne: farar giya zuwa rabin kofi, baƙa a samanta, da layi a tsakani kamar an yanka da wuƙa. Ba ya yiwuwa sai an kifa cokali a bakin kofin, baƙar ta gangaro ta bayansa a hankali ta kwanta. Fergus na da cokalinsa na wannan aiki, lanƙwasasshe mai ƙugiya. Shekara da shekaru yana zuba wa Dinny da shi. Dinny kuma yakan ɗaga kofin ya duba layin a hasken taga, ya ce ba laifi, sannan ya tsoma yatsa ya dama yana kallon Fergus cikin ido. Kullum sai sun yi faɗa a kai.

Malachy, ƙanen mamacin, ya yi gyaran murya. "Wannan karkataccen? Ai na sa masa a aljihu."

"Aljihun wa?"

"Na Dinny mana, kafin a rufe akwati. Na ga zai ji daɗi."

Fergus ya dafa kanta da hannu biyu. "Ka ɗauki kayan aikina ka binne, ka dawo ka tsaya kana jiran in zuba maka giya."

"To cokali ne fa, mutumina."

"Agogonka fa? Me ya hana ka sa masa? Ko ka ga ba inda zai makara?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani daga baya ya ce a kawo shebur a tono, tun ƙasar ba ta daskare ba.

Fergus ya shiga kicin ya fito da cokalin miya. Ya danna wuyansa a gefen kanta har ya lanƙwashe, ya sake cika rabin kofi da fara, ya kifa cokalin, ya ja famfon giya. Baƙar ta faɗo da ƙarfi. Ya tuttular.

"Fergus," in ji Noreen, ba ta ɗaga murya ba. "Ba cokalin ba ne. Hannunka ne ke rawa."

"Sanyi ne. Wancan sakaran ya bar ƙofa a buɗe."

Ƙofar a rufe take. Noreen ta taso ta zagayo bayan kanta, inda ba a taɓa barin kowa ya shiga ba, ta riƙe masa gindin kofin.

"Zuba. Ƙafafuna sun gaji, kuma shi ma ba ya son jira."

Ya ja famfon kaɗan-kaɗan. Baƙar ta bi bayan cokalin ta bazu, ta yi kamar za ta nutse, sai ta tsaya. Kumfa ta taso fara sol. Layin ya fito tsaf, bai taɓa yin mai kyansa ba.

Ya kai kofin gaban kujerar Dinny ya ajiye. Aka ɗaga kofuna, aka ambaci sunansa, surutu ya ɓarke. Malachy ya fara labarin ranar da Dinny ya faɗa kogi da kayan kamun kifinsa.

Fergus na zuba wa mutane, idonsa na komawa kan kofin. Yana nan yadda ya ajiye shi, hawa biyu, ba wanda ya taɓa. Ya goge kanta, ya sake kallo. Ya wanke kofuna, ya sake kallo.

Can ya yi tsaki, ya jefar da tsumma, ya je ya tsoma yatsa a ciki ya dama.