Idon Asiya na Hagu

Shekarar da gero ya bushe a tsaye a ƙasar Kunci, Mati ya kai 'yarsa Asiya, mai shekara shida, asibitin ido a Kano. Idonta na hagu ya karkace, ba ta gani da shi sai dishi-dishi.

Likita ya ce idon bai mutu ba, lalaci ya koya. Wai jijiyoyin idanun yaro rububin wani abinci suke yi a cikin ƙwaƙwalwa, wadda ta fi aiki ita take samu. Ta dama ta handame, ta bar ta hagu da yunwa. Mati bai nemi ƙarin bayani ba, a shekarar nan kowa ya san yadda rububi yake ƙarewa.

"A riƙa rufe na dama, mai lafiyar, don na hagu ya yi aiki dole," in ji likita. "Kada a yi wasa. In ta ƙara girma hanyar ta toshe ke nan, ba mai buɗe ta."

Uwar Asiya ta rasu, rumbu kuma ba ko zangarniya. Mati ya damƙa yarinyar da ƙyallen ɗaurin a hannun mahaifiyarsa, Inna Barira, ya maimaita mata bayanin har sau uku, ya tafi cin rani Kudu. Wata takwas yana dako, zancen idon nan bai bar ransa ba.

Ranar da ya dawo, tun daga bakin zaure ya hango Asiya ta sheƙo da gudu, ba tuntuɓe ba lalube. Daɗi ya kama shi. Sai da ta matso ya ga inda ƙyallen yake. Ya ja hannunta suka shiga ciki.

Inna Barira tana zaune tana tsince tafasa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, wane idon ake ɗaure mata?"

"Mai ciwon mana."

"Ai na dama na ce, Inna."

"Ka ce, na ji. Ni dai na san gajiyar hanya ce ta ruɗa ka. Ina ka taɓa ganin an ɗaure ƙafar lafiya an bar karyayyiya? Kwana uku na bi maganarka, yarinya sai karo take da bango, har murhu ta faɗa. Dubi tabon. Shi ne na gyara." Ta ɗaga kai da alfahari. "Kuma ko kwana ɗaya ban yi fashi ba, Allah ne shaida."

Mati ya ji kamar ya kurma ihu. To, wa zai yi wa? Tsohuwar da ta rame ta zama ƙashi don ta ciyar masa da 'ya?

Ya kwance ƙyallen, ya rufe idon dama da tafin hannunsa. Ya zaro jan awarwaron da ya kawo mata tsaraba, ya ɗaga shi dab da hancinta.

"Asiya, mene ne wannan a hannuna?"

Ta karkata kai. Idon hagun ya yi ta yawo. Inna ta daina tsince tafasar.

"Duba da kyau, uwata."

Asiya ta yi murmushi, don ta ɗauka wasa ne.

"To Baba, ka ɗago hannun mana tukuna."