Kokowar Shamuwa da Gawo

Ana gab da zaɓen depite, wato ɗan majalisa, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin Nasara ya kusa tafiya, kasuwar Lahadi ta Filinge ta cika maƙil. An gama girbi, rumbunan ƙasar Kurfai sun ɗauki gero har wuya, amma ba mai zancen gero. Daga rumfar mahauta har turken raƙuma magana ɗaya ce: Shamuwa ko Gawo.

Shamuwa ita ce alamar da ke kan takardar ƙuri'ar Mushe Tahiru, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, wanda ya yi alkawarin gina rijiyoyi a ƙauyuka. Gawo kuwa alamar Alhaji Garba ce, attajiri mai kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya, wanda ke shiga bariki ba tare da an tsai da shi a ƙofa ba.

Haske na zaune bayan ƙwaryar furarta tana dama wa masu saye. Hannunta na aiki, zuciyarta kuwa tana bugawa kamar an ɗaure tsuntsu a cikin ƙirjinta.

"Ni dai Mushe ya kwanta mani," in ji Ibrah, wani manomi daga Tabla. "Ya san takardar Nasara ciki da bai. Ba a cutar mu gabanshi."

"Takarda za ka sha in rijiyar ba ta zaka ba?" in ji Ali mahauci. "Shamuwa baƙuwa ta. Da damina taka zakkuwa, kaka na yi ta tashi ta bar maka kashi bisa danni."

"To gawon naku hwa? Ruwa na sauka shi kaɗe ganye, shi tsaya tsirara cikin gona, lokacin da kowa ka aiki!"

Aka fashe da dariya. Wani tsoho Bazabarme daga Damana ya ajiye ludayinsa ya share gemu.

"Kala suru, ku yi haƙuri da junanku," ya ce. "Ni ba ni jefa takardata ga wanda zai hwaɗi. Wanda duk ya hwaɗi, mutanenshi aka hwara tunawa in an tashi neman mai laihi. La'asar nika jira. Wanda ɗan kokowarshi ya kai ƙasa, shi ma ya kai ƙasa."

Kowa ya gyaɗa kai. Ludayin Haske ya suɓuce cikin fura.

Ai masu duba sun riga sun gaji da dubawa. Mai bugun ƙasa na unguwar nan ya ce Shamuwa, na waccan ya ce Gawo, har mutane suka daina sauraronsu. Sai aka koma ga abin da ido zai gani: kowane ɗan takara ya fito da ɗan kokowarsa, a kara a filin bayan kasuwa, wanda ya kayar, ɓangarensa ne da nasara. Gawo ya ɗauki Dodo, ƙaton da ke yi wa Alhaji Garba lodin kamyo. Dodo wan Haske ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shamuwa kuwa ta ɗauki Kailu na Tabla, wanda ya bi Mushe don ya gaji da ganin mahaifiyarsa tana dawowa daga rijiya mai nisa da wuya a sanƙare. Kailu ɗan goggon Haske ne, kuma shi ne za ta aura bayan zaɓe, shi ne wanda tun tana yarinya in ta ji muryarsa a zaure take manta abin da aka aike ta.

Wato Kailu da Dodo taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. A garuruwansu taubashi na zagin taubashinsa, ya ƙwace masa hula, ya kira shi bawa a tsakiyar kasuwa, ba a fushi. Abu ɗaya ne ba a yi: ba ya kai bayan ɗan'uwansa ƙasa a gaban taro. In tsautsayi ya haɗa su a fili, wanda ya fi ƙarfi sai ya sunkuci ɗayan sama, ya dire shi a kan ƙafafunsa, kowa ya san wanda ya ci. Dattawa sun faɗi haka tun da aka fara shirin. Amma masu shirin baƙi ne, samarin da kowane ɓangare ya kwaso a kamyo daga nesa don su tsare masa taro, kuma ba su tsaya jin zancen tsofaffi ba.

Da safen nan mahaifin Haske ya ce, a gabanta, ba tare da ya ɗaga murya ba: "In Kailu ya kai bayan ɗana ƙasa, ba ni da ɗan ƙanwa. Aure kuma babu."

Inuwa ta faɗo kan ƙwaryar. Ta ɗaga kai, ga Kailu, dogo, siriri, da murmushin nan nasa mai karkata gefe guda.

"Uwar gijiyata, a dama ma bawa hura," ya ce.

"Bawa da zaɓen abinci? Tsugunna can in na gama da 'ya'yan gida." Ta so ta yi dariya, muryarta ta karye. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Kailu, mi za ka yi?"

Wani mutum gajere mai faɗin kafaɗa ya dafa shi ta baya. Haruna ke nan, shugaban baƙin samarin Shamuwa, riƙe da gora mai ƙarfe a kai.

"Zakaranmu," ya ce, yana murmushin da bai kai ido ba. "Duk kasuwar nan kai take jira. Ba wasa muka zo yi ba. Ina son in ji ƙarar bayan ƙaton nan a ƙasa, har a ji ta a Yamai. In ban ji ba..." Ya buga gindin gorar a ƙasa, kusa da yatsun Kailu. "Ka dai gane."

Da ya wuce, Kailu ya karɓi furar ya shanye. Ya miƙo mata ƙwaryar, yatsunsa suka taɓa nata, ya ɗan riƙe.

"Ki tsaya inda nika ganin ki," ya ce.

La'asar sakaliya fili ya kewayu. Maza a gaba, mata a baya, wasu a kan raƙuma don su hango. Baƙin Shamuwa sun tsaya gabas da sandunansu, baƙin Gawo yamma da nasu. Makaɗa suka saki ganguna. Dodo ya fito da warki da guru a ƙugu, ƙasa na amsa takunsa, ya ɗaga hannu ya yi kirari: "Ni ne Dodo na Habsatu, buhun da ya gagari jaki!" Mata suka rangaɗa guɗa. Kailu ya fito ba kirari. Ya durƙusa ya gai da kawunsa, mahaifin Haske, wanda ke zaune cikin dattawa. Tsohon bai dube shi ba.

Suka ɗebi rairayi suka murza a tafi. Suka sunkuya suna zagaya juna.

"Bawa, ka ci tuwo kuwa?" Dodo ya ce, har na gaba suka ji. "Kada in taɓa ka ka karye, a ce na ɓata ma Haske kaya."

"Taho ka gani, ƙaton banza."

Suka haɗu, ƙirji da ƙirji, da ƙarar da ta sa Haske ta dafe bakinta. Dodo ya tura, Kailu ya ja da baya yana jan ƙasa da dugadugai. Dodo ya sa masa taɗiya, gwiwar Kailu ta yi ƙasa har saura kaɗan, yamma ta ɗauki ihu, sai ya murɗe ya tashi. Gumi ya wanke su. Jini ya tsattsafo a kafaɗar Kailu inda farce ya karce shi. Haske ba ta san wanda take yi wa addu'a ba. In ta ce Allah ka taimaki wannan, sai ta ga fuskar wancan.

Sai Dodo ya sake kawo tura da dukan ƙarfinsa. Kailu ya nutse ƙarƙashinsa, hannu ɗaya a cinya, ɗaya a guru, ya yi wani nishi daga can cikin cikinsa, ya miƙe. Dodo ya tashi sama. Ƙafafun nan da suka saba danne ƙasa suka shiga harbin iska.

Ganguna suka tsaya.

"Buga shi!" Haruna ya yi kururuwa. "Buga shi da ƙasa!"

Kailu ya juya da kayansa, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke, ya taka har gaban dattawa. A gaban kawunsa ya sauke Dodo a hankali, a kan ƙafafunsa biyu, ya kaɗe masa rairayin kafaɗa.

Tsohon ya ɗaga kai ya dube shi. Dattawa suka gyaɗa kai, makaɗa suka juya kiɗa zuwa na wanda ya ci, matan Tabla suka saki guɗa. Duk ɗan Kurfai da ke wurin ya san Kailu ne da fili. Haske ta ji hawaye masu daɗi sun zubo mata, ta ce a ranta: ya tsirar da su duka!

Amma baƙin Gawo abin da suka gani shi ne mutuminsu a tsaye. Suka ɗaga sanduna suna tsalle: "Gawo na tsaye! Gawo bai faɗi ba!"

Fuskar Haruna ta canza.

"Ya sayar da mu!" ya ce. "Maci amana! Ya sayar da mu!"

Ibrah ya ruga gabansa hannu a sama yana cewa, "Tsaya, malam, ai mu munka ci, taubasai na!" Gora ta same shi a baki, haƙoransa suka zube a rairayi. Haruna ya tsallake shi. Kailu na juyowa ke nan ƙarfen gorar ya sauka a damtsensa na dama, aka ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara. Na biyu ya same shi a ƙeya. Ya kife.

Fili ya yamutse. Gabas ta afka wa yamma. Raƙuma suka firgita suka bi ta kan mutane, rumfuna suka rushe, tukubar mai tsire ta kife a kan zana, wuta ta kama. Mata na kiran 'ya'yansu, tsofaffi na faɗuwa ana tattaka su. Haske ta kutsa tana ture duk wanda ta tarar, wani sanda ya tsaga mata gira, jini ya rufe mata ido ɗaya, ba ta ko ji ba.

Da ɗayan idon ta ga yayanta. Dodo ya damƙi wani mai gora ya yi jifa da shi kamar dami, ya naushi na biyu har ya daina motsi, amma sun yi yawa, kuma duk kan Kailu suke sauke sanduna. Sai Dodo ya faɗa rub da ciki a kansa, ya rufe shi da faɗin jikinsa, ya sa hannuwa ya tare masa kai. Sandunan Shamuwa suka koma kan bayansa. Baƙin Gawo suka iso, suka tarar da ɗan kokowarsu yana kare ɗan Shamuwa, wani ya ce, "Shi ma da bakinshi a ciki!" Nasu sandunan ma suka sauka. Haske na ihu, "Yayana na! Ku bari, 'yan'uwa na!" Ba wanda ya ji ta. Ta ga gorar Haruna ta tashi sama da hannu biyu, ta sauka a tsakiyar kan Dodo.

Sai da aka hango gardin bariki, dogaran Nasara, da bulala sannan baƙin suka watse, kowane ɓangare ya haye kamyonsa. Bulalar ta ƙare a kan waɗanda suka rage, masu neman 'yan'uwansu cikin hayaƙi.

Haske ta durƙusa. Dodo na nan yadda ya kwanta, bayansa a farfashe, jini na bin wuyansa yana ɗiga a fuskar Kailu. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ɗan banzan ga... ya ɗaga ni gaban mutane," ya ce, leɓensa na neman murmushi. "Haske... riƙe bawan ga da kyau. Kada shi ɓace."

Bai sake magana ba. Da maza suka zo ɗaukarsa, sai da suka ɓamɓare yatsunsa daga kan Kailu.

Ranar zaɓe da hantsi, Kailu na jingine a inuwar rumbu a gidan kawunsa, hannunsa ɗaure da karare. Maɗori ya ce zai warke, amma ba zai ƙara ɗaga ko damin gero ba. Haske na ba shi kunu a baki, girarta ɗaure da tsumma. Tun ranar kokowar ba su yi wa juna wasa ba. Ba ta san ko za ta ƙara iya ce masa bawa ba.

A waje mutane na wucewa zuwa wurin jefa ƙuri'a. Muryar tsohon nan na Damana ta tsallako danni, yana tambayar abokin tafiyarsa: "To yanzu wa za mu jehwa ma? Shamuwa ta ɗaga, Gawo bai hwaɗi ba."

Haske ta ajiye ludayin.

Mahaifinta ya fito daga ɗaki. A 'yan kwanakin nan ya tsufa fiye da yadda ya tsufa a duk rayuwarta. A hannunsa akwai gurun Dodo, an wanke shi, amma jinin bai fita daga ɗinkin ba. Kailu ya yunƙura zai tashi.

"Kawu, da na buga shi da ƙasa, da yanzu shina raye."

"Zamna," tsohon ya ce. Ya tsugunna da ƙyar, ya ɗora gurun a cinyar Kailu. "Bayan ɗana bai taɓa ƙasa ba. Har ya mutu bai taɓa ba." Ya juya ga 'yarsa. "In an share makoki, a kira goggonki Dijatu, a sa rana."

Ya tashi ya koma ɗaki, ya saki asabari.

Haske ta ɗauki gurun ta kai fuskarta. Ƙanshin yayanta na nan, gumi da fata da hayaƙin kamyo. Kukan da ta riƙe tun a fili ya ƙwace mata, ta kifa kai a kafaɗar Kailu ta hagu, shi kuma ya riƙe ta da hannun da ya rage masa.