Shekarar da Ɓauren Ogutu Ya Faɗi

Ruwa ya sauka sau uku, masarar maƙwabta har ta leƙo, amma a gidan dattijo Ogutu ba a jefa ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. 'Ya'yansa uku da matansu sun gyara gonaki sun zuba masa ido, don ɗa ba ya shuka kafin ubansa. Wanda ya tsallake, cutar alhaki da ake kira chira ce za ta kama shi, ya yi ta ramewa, shi ko yaransa, har a kai su kushewa.

Shi kuwa Ogutu zama ya gagare shi. Ya gangara bakin tafki ya dawo, ya ɗaure maraƙi ya kwance, ya sake ɗaurewa. Tun yana saurayi wani mai duba a garin Asembo ya watsa masa wuri ya ce, "Shekarar da ɓauren ƙofar gidanka ya faɗi, abin da ka shuka ba za ka ci ba." Lokacin ko bukka ba shi da ita, sai ya yi dariya. Da ya kafa gida, ɓaure ya tsiro da kansa a ƙofa, ya rasa ƙarfin halin sare shi. Ya shiga coci, shekara arba'in yana rera waƙa da ƙarfi ya fi kowa. Watan jiya iska ta kwantar da itacen. Tun daga nan, in an yi maganar shuka sai ya ce ƙafa ke masa ciwo.

Matarsa kaɗai ta san zancen, wadda ake kira Nyar Sakwa da sunan garinsu.

"Baban Agola, yau ma ƙafar ce?" in ji ta. "Jiya da kake korar akuya ban ga ɗingishi ba."

"Ke dai bakinki ba ya hutu. Ruwan nan na yaudara ne."

"Yaudara? Kwaɗi ma sun gaji da kuka."

Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa, ga kunyar tsoron a kai. In bai shuka ba, maganar mai duba ba ta da inda za ta kama shi. To, jikoki goma sha ɗaya kuma su ci me? Ya ce wa kansa wuri ai ƙwanson banza ne. Ya faɗa sau ɗari, zuciyar ba ta yarda ba.

Da safen ruwa na huɗu, sai ga Agola, babban ɗansa, fartanya a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu.

"Kai! Ina zuwa?"

"Baba, ka yi haƙuri. Gara chira ta ci ni ni kaɗai da yunwa ta cinye gidan nan."

Bai ko waiwayo ba. Ogutu ya tsaya kamar an dasa shi, yana kallon bayan ɗansa yana nisa. Can ya kwarma ihu a kawo masa iri. Ashe Nyar Sakwa na tsaye a bayansa da ɗan kwando. Ya fizge, ya zura a guje cikin taɓo, ya sha gaban Agola a bakin gona.

"Tsaya nan, mara kunya! Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya ƙwace fartanyar ya sari ƙasa, ya zuba iri, ya rufe da diddige. Shi ke nan. Surukai suka rangaɗa guɗa, kowa ya watse ya nufi gonarsa.

Sai da ya kai ƙarshen layi ya dubi abin da ke tafin hannunsa. Ba masara ba ce. Wata dawa ce ja, mai ƙananan ƙwaya, rabonsa da ganin irinta tun zamanin kakarsa.

"Nyar Sakwa, wannan kuma me kika ba ni?"

Tana biye da shi tana taka ramuka, ba ta ɗago kai ba.

"Kwana biyu na yi ina yawon ƙauyuka kafin na same ta," ta ce. "Ba ta nuna sai ta yi wata bakwai. Bana ba za ka ci ta ba, sai baɗi."