Ganyen da Inna ta kwatanta ta waya

Muna cikin daji ni da Yayana muna tsaga katako, injin ya ƙwace masa ya yanke shi a sha-raɓa. Ko ihu bai yi ba. Zama ya yi daɓas, ya ce, "Auta, kashe injin nan."

Na tuɓe rigata na danna masa a ciwon, nan da nan ta jiƙe sharkaf. Motar da za ta kwashi katakonmu sai yamma, ga rana ko tsaka ba ta kai ba.

"Kira direba, ka kira Inna," in ji shi.

Waya ba ta kamawa a kwarin da muke. Na bar shi riƙe da rigar, na haura tudu a guje. Direba ya ce ga shi nan tafe. Inna kuwa ba ta tsaya salati ba.

"Nemo ganyen nan mai gashi-gashi, mai wari in an murza."

"Me sunansa?"

"Ina ruwanka da sunansa? Yana fitowa a..." Waya ta katse.

Na gangaro ina fizgar duk ganyen da na gani. Yaya ya duba abin da na zube masa, ya ɗaga ɗaya da ƙyar. "Wannan ai na ƙaiƙayi ne. So kake in mutu ina susa?"

Na sake haurawa na kira Inna, numfashi na neman gagarata.

"Wa ke riƙe da ciwon?" in ji Inna.

"Shi."

"Kai kuma kana zarya a tudu? Bakin rafi yake fitowa. Ka wanke, ka daddaka, ka danne da ƙarfinka. Kada in ƙara jin muryarka!"

Can na same shi, warinsa ya tabbatar mini. Na wanke da ruwan shanmu, na daddaka a kan kututture da gindin adda, na shimfiɗa a ciwon. Na ɗora ƙafar bisa gungume, na danne da hannu bibbiyu.

Zaman nan ya fi gudun wahala. Kowane motsi na ji sai in ce mota ce. Da Yaya ya fara lumshe ido, sai na tsiro masa da tsiya, na ce dama bai iya riƙon inji ba. Ya buɗe ido ya zage ni tas, na ji sanyi a raina.

A hankali jinin ya ja baya. Ganyen ne ko dannewar, ban sani ba.

Da direba ya iso ya kai mu asibiti, ma'aikaciyar jinya ta yi ta tsince ganyen tana mita kafin a yi ɗinki. Inna ta shigo da takalmi wari da wari, ta wuce ni kai tsaye ta je ta kama ƙafar ɗanta. Ni dai na kasa zama, na yi ta kai da komo a baranda har aka ce ƙafar za ta warke.