Madanni na Biyu

Najaha 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kanta. Tun muna yara ba ta da aiki sai kwance abin da yake aikinsa lafiya lau. Ta kwance tocilan ɗin Kawu Isufu, ta kwance agogon bangon gidansu, har keken ɗinkin uwarta sai da ta leƙa cikinsa. Da ta gama karatun lantarki a Damagaram ta dawo Matameye aka ba ta koyarwa a makarantar koyon sana'a, muka ce to an huta, ta samu inda za ta riƙa ɓarna da izini. Ina! Sai ta mayar da ɗakin da ke kusa da zauren gidansu wurin aiki, kullum warin dalma na tashi.

Akwai wasu 'yan kwamfutoci da ba su fi tafin hannu ba, tsirara haka ba akwati, waɗanda masu sha'awar na'ura ke saye su ƙera abin da suke so. In ji Najaha komai suna iyawa sai fitar da murya mai tsabta. Da ka haɗa su da lasifika sai ka ji wani shuuu yana bin magana ta ƙasa. Aikinta shi ne ƙera wani ɗan allo da ake ɗorawa a kansu, ya karɓi sautin da kwamfutar ke riƙe da shi a matsayin lissafi ya mayar da shi murya, ba tare da wannan dattin ba. Har daga Yamai da Kano ake aiko mata a yi.

Wata rana na same ta zaune ta rufe ido, da abin saurare a kunnuwa.

Na ce, "Me kike ji haka?"

Ta ce, "Ba komi."

"To cire mana, ina magana."

"Jamilatu, bari in gama. So nike in ji ko shirun ya kai shiru."

Na fita na ba da labari gida-gida cewa 'yar Kawu ta yi karatu har ta kai matsayin sauraren shiru. An sha dariya ranar, ita ma da aka gaya mata ta yi.

To ga abin da ya kai ni wurinta da gaske. Yayanmu Ɗahiru shi ne ɗan farin Inna Habsatu, mahaifiyarmu. Kowace shekara da an kai amfanin gona rumbu sai ya tafi Legas cin rani, yana sana'ar shayi, ba ya dawowa sai an ji ƙamshin damina. Mijina ma can yake tafiya, shi ya sa da rani nake wuni a gidanmu. Inna mutuniyar da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "wancan", ko "yayanku". Ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta kallonsa ido cikin ido, kuma in ana yabonsa tashi take yi ta ba da wuri. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta taso ta ga ana yi, kuma ba wanda ya isa ya ce mata an daina yayi.

Yaya yakan turo saƙon murya a wayata don a sa wa mutanen gida. Da na sa, sai Inna ta tuna tana da aiki, amma aikin nan ba ya taɓa yin nisa da inda nake. Ko ta ɗauko faifai tana tsintar wake, ko ta zo gyara tabarmar da ba abin da ya same ta. Da can kunnenta ras yake, ba abin da ke wuce ta. Bana kuwa kunnen ya yi nauyi. Na lura tana juyo da na dama, tana daina motsa hannu, amma fuskarta ba ta nuna ta kama komai. In na ƙara murya wayar ta fara ƙarce-ƙarce, ita kuma ta ce, "Ke rage wannan abu, kin cika mana kunne." Ta san in an ƙara, kowa ya san don wa aka ƙara. Ba za ta ce a maimaita ba, ba za ta ce me ya ce ba. Tun tafiyarsa ba ta ji kalma guda daga bakin ɗanta ba, kuma abin yana cin ta. Ni ma yana cina, don tausayinta nake ji har cikin raina.

Sai na yi tawa dabarar. Na aro babbar lasifikar da ake kaiwa gidan biki, na haɗa da wayata. Muryar Yaya ta cika unguwa, awaki suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna amsa masa gaisuwa. Inna ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ba ta ƙara ce mini uffan ba sai washegari. Har gobe ina ganin niyyata ba ta da laifi.

Da na ba Najaha labari sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta goge ido ta ce, "Gwaggo ba ƙara take so ba. Kunnen tsufa in kin ƙara mai ƙarfi, har da dattin kike ƙara mai. Murya take so ƙasa-ƙasa, wadda babu komi a bayanta, ta ji ita kaɗai."

Na ce, "To ki ba ta wannan abin kunnen naki."

"Ki sa ma Gwaggo igiya a kunne tsakar gida? Wa zai gani bai gane ba? Kuma wayar taki ce, sai ta roƙe ki kafin ta ji. Ke dai kawo mini rediyon marigayi."

Rediyon Babanmu ne, mai rigar fata, ya daɗe da mutuwa amma Inna ta ƙi yarda a yar. Na ce mata Najaha za ta gwada gyara shi, ta ce, "Ta dai maido mini da shi yadda yake."

Nan na ga aikin da na sha yi wa dariya. Najaha ta kwashe kayan cikin rediyon, ta zaunar da 'yar kwamfutar a ciki, ta zana sabon allo daidai wurin da ya rage. Da hannunta ta fitar da hanyoyin jan ƙarfe a jikinsa, sirara kamar zare, ta riƙa ɗora ƙananan kaya da hantsaki tana liƙawa da dalma. Waɗansunsu ba su kai ƙwayar gero ba. Ni da atishawa ɗaya zan watsar da aikin wuni, shi ya sa ta hana ni zama kusa da teburin.

Allon farko ya yi magana, ni kuma na ce ai shi ke nan. Ta saurara ta girgiza kai, ta ce akwai zuuu a ciki, daga caja yake shigowa. Ta sa batir ya riƙa ciyar da ɓangaren murya shi kaɗai. Na biyu ya fi, amma da injin niƙan maƙwabtansu ya tashi sai ya ɗauko gurnaninsa, kuma in waya ta matso sai ya fara tit-tit-tit. Ta ajiye shi gefe ta sake zane daga farko.

Na ce, "Najaha, kafin ki gama ai shi da kanshi ya dawo. Tsohuwa ce fa, ba gidan rediyo ba."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Don tsohuwa ce. Ni da ke kunnenmu na iya tsallake datti ya ɗauki magana. Nata ba ya iyawa."

Ta nuna mini yadda ta raba allon biyu, hanyar lissafi daban, hanyar murya daban, kada su kusanci juna. Ta ce kamar dai yadda ba a bi da ruwan wanki ta gindin randar sha. Ta yanko gwangwanin madara ta yi wa ɓangaren muryar rufi don kada ya ɗauko hayaniyar waje. Na zauna ina kallon yatsunta, duk tabon ƙuna, ba sa ko rawa. Ban faɗa mata ba, don kada kanta ya kumbura, amma ranar ta burge ni ƙwarai.

Gwajin ƙarshe da ni aka yi shi. Ta cusa auduga a kunnenta, ta kara rediyon, ta ce in tsaya bakin ƙofa. Na tsaya. Ta tambaye ni me nake ji, na ce ba komai sai kukan kurciya. Ita kuwa ta maimaita mini saƙon Yaya kalma-kalma. Sai ta tsayar da saƙon ta miƙo mini rediyon a kunne, yana kunne amma tsit, kamar ba rai a cikinsa. Na ce, "Ashe wannan ne shirun naki." Ta ce shi ne.

Bayan la'asar muka kai wa Inna. Najaha ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Gwaggo, tasha dai ba zai ƙara kamawa ba, amma na sa miki karatu a ciki. Kin ga wannan madanni da na shafa ma kore? Tafsiri ne. A kunne ake kara shi, ba ya da ƙarfi."

Inna ta juya rediyon ta ce, "Wannan farin fa?"

Najaha ta dubi ƙasa ta ce, "Wannan na biyu tarkacen wayar Jamilatu ne ke faɗawa ciki in ta shigo gidan. Na rasa yadda zan hana. Ba sai kin taɓa shi ba."

Inna ta kalle ta. Sannan ta ce, "Allah shi yi albarka," ta tura rediyon ƙarƙashin filo. Ban taɓa ganin ƙarya mai ladabi irin wannan ba, kuma na tabbata Inna ta san ƙarya ce.

Daga ranar Inna ta ƙirƙiro barcin rana. Da an yi azahar sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ni da gulma na sha wucewa ta bakin ƙofar da sunan neman tsintsiya, amma ko motsin murya ban taɓa ji ba. In na sa saƙon Yaya a tsakar gida kuwa, ta daina zuwa tsintar wake kusa da ni.

Ana nan zafi ya tsananta, aka fara gyaran gonaki. Yaya ya turo saƙo kamar kullum, ya gaida kowa, ya ce kasuwa da godiya, amma bana zai ɗan jinkirta, a sa masa hannu a gonar kafin ya iso. Muka ji mu duka, da ni da matarsa Halima, ba wanda ya kawo komai a ransa. Inna ta shiga barcinta na rana. Ba ta daɗe ba sai ga ta ta fito, ba mayafi, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Kira yayanku. Ki ce mai ya taho gida."

Na ce, "Inna, ai ya ce sai ya..."

"Ba ya da lafiya. A kwance ya yi maganar nan. Yana faɗin kalma biyu yana neman numfashi, kuma yana danne tari. Ku duk ba ku da kunne?"

Na kira shi nan take, Inna na tsaye ta juya mana baya. Da farko ya yi ta rantse-rantse wai lafiyarsa ƙalau, sai da na ce masa daga sama umarnin ya fito. Nan tarin da yake riƙewa ya ƙwace masa. Ashe ya daɗe a kwance da ciwon ƙirji, wani ɗan garinmu ke riƙe masa teburin shayi, shi kuma yana jira ya warware don kada ya dawo mana a haka. Ya ce, "Wa ya faɗa muku?" Na ce ba kowa. Halima ta zauna a ƙasa tana kuka, ni kuma na sake sa saƙon a wayata ban san sau nawa ba, amma ban ji abin da Inna ta ji ba.

'Yan garinmu suka sako shi mota zuwa Kano, daga nan ya shigo ta iyakar Ɗan Barto, aka wuce da shi asibiti kafin gida. Likita ya ce an yi sa'a da aka kawo shi yanzu. Ranar da aka sallame shi Najaha ta zo, muna tsakar gida ya shigo, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofar Inna ya gaishe ta. Ta kawar da kai gefe, ta ce "Lafiya lau," a gajarce, sannan ta ce wa Halima ta dama masa kunu kada a sa tsamiya da yawa. Iyakar abin da ya samu ke nan, kuma shi ma bai nemi ƙari ba.

Rediyon na kan cinyar Inna. Najaha ta taɓo ni da gwiwar hannu ta nuna mini shi da ido. Koren madannin ya ɗan dusashe, don Inna ba ta wasa da tafsiri. Farin kuwa babu sauran fenti a kansa, ya koɗe har ƙarfe ya fito.

Najaha ta matsa ta ce, "Gwaggo, tun da yanzu ba amfani, ko in cire miki na biyun?"

Inna ta ɗora tafin hannunta a kan rediyon ta rufe shi. Ta ce, "Bar shi. Rani na dawowa."