Rumfar Na'urar Rahamatu

Tun da bazara ta kama, na'urar Dokta Rahamatu ta fara makancewa da tsakar rana.

Ba wata babba ba ce na'urar. Bututu ne a kan ƙafar ƙarfe, yana bin rana da kansa daga hantsi zuwa yamma, yana auna yadda hayaƙi da toka da ɓurɓushin ƙasa da ke yawo a sama suke rage haske. Rahamatu ta yi shekaru tana karatu a kan wannan ɓurɓushin, ta kuma sha gardama kafin cibiyar binciken da ta ba da aron na'urar ta yarda a kafa ta a bayan lakkwal, makarantar bokon ƙauyensu, kusa da Gangara. Amfaninta ɗaya ne: tauraron ɗan'adam yana ratsawa ta saman yankinsu na Damargu da azahar, sai a gwada abin da ya gani daga sama da abin da ita na'urar ta gani daga ƙasa. To ga shi daidai azahar ɗin take rufe ido. Cibiyar ta riga ta gargaɗi Rahamatu: in aka shiga damina a haka, za a cire na'urar a kai wani wuri.

Daga Yamai, inda take koyarwa, ta kira Mushe Abdulgafar, ma'aikacin da aka ɗora wa kula da tashar daga Tanut.

"Dokta, ai kin san mutanenku," ya ce cikin murya mai sanyi. "Ana ta raɗe-raɗin wai abin nan shi ke korar hadari. Ni da za ki ji tawa, a dawo da shi saman birona, nan ofishina na Tanut, kowa ya huta."

"Ka je ka duba?"

"Za a je, in sha Allah."

Wannan "za a je" ita ce ke tafasa mata jini. Da ita ake barin rijiya ta rufta, da ita ake barin aji babu rufi har yara su girma.

Abin da ya fi damunta shi ne, duk ranar da ta sanar za ta zo, na'urar lafiya lau take wuni. Ke nan akwai hannun mutum, kuma mutumin yana da labarin zuwanta. Ta zargi maigari. Ta zargi makiyayan da ke shayarwa a rijiyar gabas. Har limamin da ya yi mata addu'a ranar kafawa sai da ta tuna irin kallon da ya yi wa bututun.

Saboda haka wannan karon ba ta gaya wa kowa ba. Ta sauka Damagaram, ta shiga motar 'yan kasuwa, ta dira a bakin hanya ta ƙarasa da ƙafa, mayafinta rufe da rabin fuska. Duk wanda ya gaishe ta sai ta ga kamar ya san wani abu.

Rana na tsaka ta zagayo bayan lakkwal, ta tsaya cak.

Rumfa ce a kan na'urar. Sanduna huɗu, da sabuwar zana an ɗaure ta tsaf. A ƙarƙashi bututun yana ta juyawa yana neman rana a cikin inuwa. An ma lulluɓe ƙafar ƙarfen da jiƙaƙƙen buhu, yadda ake yi wa tulu. Gefe guda Baba Dado ne zaune yana fifita da malafarsa, tsohon abokin mahaifinta Attahir, wanda ita da kanta ta damƙa wa gadin wurin.

"Baba! Wa ya yi wannan?"

Tsohon ya miƙe yana washe baki. "A'a, Rahamu! Saukar yaushe? Haka ake zuwa kamar ɓarauniya, ko ruwa ba a tanada ba?"

"Baba, rumfar nan nake tambaya."

"Ni na yi mana. Da wa zai yi? Ranar da kika tafi kin ce, 'Baba, ga amana.' Da zafi ya taso na taɓa ƙarfen nan, wallahi sai da ya ƙona ni. Ko jakin aro ba a barinsa a rana irin wannan, balle kayan 'yar Attahir. In rana ta take sai in ja zana, in ta yi sanyi in janye."

Rahamatu ta sake duban rumfar. Duk faɗan da ta ƙunso tun daga Yamai ya bi iska. Sai kuma wani abu ya faɗo mata a rai.

"To me ya sa duk zuwana ban taɓa ganinta ba?"

"Ai Mushe ke aikowa a kwance ta. Ya ce baƙi sun fi son ganin abin a fili, saboda hoto."

"Mushe Abdulgafar ya san da rumfar?"

"Ya sani mana! Tsohuwar zanata da ta yage, wannan shi ya kawo ta a motarsa. Mutumin kirki, har da goro."

Ta dubi zanar. Sabuwa ful, saƙar kasuwar Tanut. Ta tuna muryarsa mai sanyi, da saman biron nan da yake ta ambata. Rashin sani ne, ko kuwa sani ne ya yi yawa? Wannan za su yi ta da shi, ido da ido, a gaban wanda ya ɗora shi.

"Baba, ara mini wuƙarka."

Ta yanke igiyoyin, zanar ta zame ƙasa. Bututun ya ɗan yi ƙugi, ya ɗaga kai, ya tsaya daidai kan rana.

"Za ki kashe shi, 'yar nan!"

"Abincinsa ke nan, Baba. Don ya kalli rana aka ƙera shi. In ya sha inuwa, ɗauke shi za a yi daga garin nan, ni kuma aikina ya tashi a banza."

Dado ya girgiza kai. "Ikon Allah. To in ya narke, kada a ce Dado ne."

"In ya narke, ni ce. Kuma ko wa ya aiko, ko da goro ko da mota, kada ka sake rufe shi sai ka ji daga bakina."

Ta zauna a ƙasa ta fito da salularta, tana jiran awon azahar ya shigo. Zufa na tsiyaya daga goshinta. Da lambobin suka bayyana lafiya lau, sai ta ji inuwa ta sauko mata. Ta ɗaga kai. Dado ne tsaye a bayanta, ya ɗaga zanar da hannu biyu.

"Ke dai ba ƙarfe ba ce," ya ce. "Ko ke ma an hana?"