Alhamis ɗin da Othman Ya Kira Nomau

Filayen tseren mota biyu ne a bayan Abhur, kusa da Jidda, wajen shekarar 2009, kuma masu su ba sa ga maciji da juna. Ɗaya na Abdulghaffar, ɗaya na Othman, dukansu haifaffun Jidda, jikokin alhazai, irin waɗanda ke jin Hausa sarai amma ba sa tuna ta sai za su zagi mutum. Tseren ba mai kwana ba ne. Motoci biyu su jera a miƙaƙƙiyar kwalta, fitila ta yi kore, wanda ya riga isa ƙarshe ya ci. Da can sun raba Alhamis, wannan mako na wannan, mai zuwa na wancan, domin direbobin da 'yan kallon duk ɗaya ne. Sai Abdulghaffar ya shirya babbar gasa ya gayyato baƙi daga Riyad. Othman ya ji zafi, ya sa tasa gasar rana ɗaya, la'asar ɗaya.

Nomau mutumin garin Tawa ne, ɗakinmu ɗaya a unguwar Sa'alaba. Abdulghaffar ne kafilinsa, wato iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, tana hannunsa. Aikin Nomau wanke kwalta da shafa mata danko don tayoyi su kama ƙasa. In ba a shafa ba, mota mai ƙarfi sai ta yi ta sulɓi kamar akuya a kan tayil. Amma ran Nomau ba a danko yake ba. Yana da wata tsohuwar Kafris da ya tsinto a bolar motoci, ya yi shekaru yana haɗa ta ƙarfe-ƙarfe, ya shafe ta da koren fenti mai kashe ido. Takardunta da sunan kafili suke. Burinsa ɗaya a duniya, ya hau kwaltar nan sau ɗaya tak a gaban mutane. Kullum ya roƙa, amsar Abdulghaffar ba ta canjawa, sai gobe: “Bukra, inshallah.”

Ranar Talata Othman, wanda muke kira Mudir, wato shugaba, ya zo ƙofar gidanmu da kansa, yana ƙamshin turare, ya riƙe hannun Nomau kamar ɗan'uwa.

“Ya Nomau, haram alaik. Mota kamar wannan tana zaune? Zo wurina Alhamis. Ka gyara min kwalta, ba'aden in ka gama layi naka ne.”

“Mudir, da gaske? Wagga mota tawa?”

“Wallahi. Zan kira sunanka a lasifika.”

Na ce wa Nomau kada ya je. Ya dube ni da idon da ya riga ya tafi. Har ga Allah tausayinsa ya kama ni, domin ban taɓa ganin babban mutum mai furfura yana murna haka ba. Ya zaga Sa'alaba yana gayya, ya sa aka goge masa farar riga, muka cika bas muka bi shi.

Ranar Alhamis tun hantsi yake durƙushe a kwaltar Othman, rana na dukan ƙeyarsa. Ya shafa danko har takalmi na mannewa. La'asar ta yi, aka fara tsere, injuna na ruri, hayaƙin taya ya turnuƙe wurin. Nomau ya sauya riga, ya sa hular kwano, ya zauna a cikin motarsa a gefen layi. Motoci biyu su wuce, ya leƙo, Othman ya ɗaga masa hannu: “Shuwayya.” Wato ya ɗan dakata. Wasu biyu su wuce, shuwayya. Mu kuwa muna bayan shingen waya muna ta kiran sunansa kamar wawaye.

Can labari ya iso cewa a filin Abdulghaffar motar farko ta yi sulɓi ta daki shinge, direbobi sun ƙi hawa, baƙin Riyad sun tashi. Othman ya yi dariya har da riƙe ciki. Da aka kira magariba ya ɗauki lasifika ya ce halas, an tashi.

Nomau ya fito da hular a hannu.

“Mudir, ba a kira ni ba.”

“Kira ka?” Othman ya juyo da Hausarsa tsaf. “Kai, tsoho, wa zai biya ya kalli gwangwani? Ni ba tserenka nake so ba. So nake kada ka kasance can, kuma ba ka kasance ba.”

Bai rufe baki ba sai ga Abdulghaffar, motar janwe na biye da shi. Muka ce yau za a yi kaca-kaca. Ina! Suka yi ɗan hayaniya da Larabci, wani dattijo ya shiga tsakani, sai ga su suna sumbatar kumatun juna, suna kiran juna ya Abu Yahya, ya Abu Fahad, an kawo shayi. Kafin kofi ya huce sun koma rabon Alhamis ɗinsu. Ba wanda ya rasa komai a cikinsu, kuma abin ya ƙona min rai fiye da faɗan.

Nomau ya matsa ya durƙusa gaban Abdulghaffar.

“Ammi, ubangidana, ka yi haƙuri. Sau guda kawai nika so.”

Abdulghaffar bai ko kalle shi ba. “Ban san ka ba. Na kai ƙara tun azahar, ma'aikacina ya gudu. Yalla, ku ɗauki motata.”

Aka ɗaure koriyar Kafris da sarƙa aka ɗora ta. Ƙofar fita tana can ƙarshen filin, don haka dole janwe ya bi ta kan kwaltar. Wani ɗan iska a ɗakin alƙalai ya kunna fitila, ta yi kore, sauran 'yan kallo suka ɗauki tafi da shewa. Othman ya sake jawo lasifika, yana dariya, ya kira sunan Nomau da ƙarfi, yana jan sunan.

Nomau ya bi motarsa da gudu a tsakiyar layi, farar rigarsa na kaɗawa. Danko ya cire masa takalmi ɗaya, sannan ɗayan. Bai tsaya ba, ya ci gaba da ƙafa, ana tafa masa.